Ba Guda Biyu

Shekara goma sha tara ina koyar da ilimin halittu a ɗakin gwaji ɗaya, mai famfo uku da biyu ba sa kawo ruwa, kuma ba a taɓa yin shekarar da wani ɗalibi bai ɗaga hannu ya yi min tambayar biri ba. Yawanci na kujerar baya ne, wanda bai yi aikin gida ba, yana neman yadda za a cinye lokaci. "Malama, wai da gaske mutum da biri za su iya haihuwa?" Sai aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa sai in ce madalla, in ja durowa in ɗauko gwangwanin madara da nake tara igiyoyin takalmi a ciki.

Da igiyoyin nan nake nuna musu kuromozom, wato ƙunshin da gadon halitta yake naɗe a ciki a kowace ƙwayar jikinmu. Mutum yana da arba'in da shida, rabi daga uwa rabi daga uba. Cimfanzi, babban birin nan marar wutsiya da ya fi kowace dabba kama da mu, yana da arba'in da takwas. Sai in ɗauki gajerun igiyoyi biyu in ƙulle bakinsu in ɗaga sama, in ce ga ƙunshinmu na biyu, dogo guda ɗaya, a inda cimfanzi yake da gajeru biyu. Har robar bakin igiyar takan tsaya a tsakiyar ƙullin, kamar yadda masu bincike suka tarar da alamar baki a tsakiyar namu.

Mai wayon aji zai ce to shi ke nan, tunda lissafi bai zo ɗaya ba magana ta ƙare. Sai in ce ya bi a hankali. Goɗiya tana da sittin da huɗu, jaki yana da sittin da biyu, amma ga alfadari nan yana ɗaukar kaya, ko da yake shi da wuya ya haihu. Ashe ba lissafi kaɗai ke tsare ƙofa ba. Tsakaninmu da cimfanzi akwai wurare da dama da dogon yanki na ƙunshin yake kwance a juye, kai inda ƙafa take, ga dubban ƙananan bambance-bambance da ke faɗa wa jiki yaushe zai yi me. Ba a taɓa ganin irin wannan ɗa ba. Wani masani da ya gwada kusan shekara ɗari da ta wuce bai samu komai ba sai abin kunya, kuma babu mai hankalin da zai sake. A nan nake tsayawa. Abin da na sani na faɗa, abin da ban sani ba kuwa ba na rantse wa kowa a kai.

Wannan darasin Auta ya zo nema.

Auta ƙanina ne, na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Yana da shekara huɗu mahaifinmu ya rasu, Umma ta shiga ɗinki ba dare ba rana, shi kuma ya dawo hannuna. A kan teburin da nake karatun jarrabawa na koya masa haɗa baƙi da wasali, ina riƙe da yatsansa: b da a, ba. Sati biyu muka yi a kan wannan layin, don kansa yana wurin tsuntsayen da ke kan katanga. Yanzu ya haura talatin, yana da shago a saman benen masu gyaran waya, shi da abokin aikinsa da ake kira Caja saboda bai taɓa shiga gidan mutum bai tambayi caja ba. Suna ɗaukar hoton biki da taro, suna kuma da shafi da suke saka gajerun bidiyo, wanda in ka cire Umma da ni ban san masu kallonsa ba.

Ranar wata Juma'a da yamma ya shigo gidana da burodi mai zafi da murmushin da na san yana tafe da roƙo.

"Yaya, taimako za ki yi min. Shiri nake so in fara, na ilimi. Mutane su aiko da tambaya, ke ki amsa. Kin ga maimakon shirmen da ake ta yaɗawa."

"Wace tambaya?"

"Ta birin nan taki. Da igiyoyin takalmin da komai."

Ba zan ɓoye ba, kaina ya fasu. Shekara goma sha tara ina magana da yara arba'in arba'in, rabinsu suna gyangyaɗi, yau ga ƙanina yana cewa duniya za ta ji. Na kira Shugabar makarantarmu na nemi izinin ɗakin gwaji ranar Asabar, ta ba ni. Na goge mayafina mai ruwan toka. Har wanke igiyoyin na yi.

Da safe suka zo, Caja ya kafa kyamara, Auta ya maƙala min 'yar makirfo a bakin mayafi, ya tsayar da ni daidai ƙarƙashin tambarin makaranta da ke jikin bango, wai a nan haske ya fi kyau. Na yi bayanina tiryan-tiryan, da ƙulli da alfadari da komai, minti goma sha ɗaya. Da na gama ya tafa.

"Ya yi, Yaya, wallahi ya yi. Amma mutanen waya ba su da haƙurin 'yan aji. Ki ba ni jimla ɗaya da zan sa a farko."

"Maganar ba ta jimla ɗaya ba ce."

"To a taƙaice dai. Eh ko a'a?"

Na yi tunani na ce, "Mutum da cimfanzi ba su taɓa haihuwa ba."

Ya ɗan yamutsa fuska. "Ba ta da ƙarfi. Ki ce ba za su iya haihuwa ba."

Na ce masa wannan ya fi abin da na sani tsauri, don babu wanda ya auna har ƙarshe, kuma ba za a auna ba. Ya langaɓe kai irin yadda yake yi tun yana yaro in yana son ragowar shayina. Na ce to, ai cikakken bayanin yana biye. Na faɗa. Ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya ce makirfon tana haɗiye ƙananan kalmomi.

"Ki ɗan dakata kafin ba, Yaya, ki dakata bayansa. Duka biyun. Don ya fito sarai, kada wani ya ce bai ji ba."

Sau uku na maimaita. Mutum da cimfanzi, na numfasa, ba, na numfasa, za su iya haihuwa, na numfasa, ba. Har na ce masa Allah ya yi albarka, da ya damu da kada a yi min mummunar fahimta.

Ranar Talata na shiga ɗakin malamai, hira ta tsaya cak. Malamin lissafi, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko yana cin abinci, ya duƙufa a kan rajista kamar ranar ya fara ganinta. Malamar tarihi ce ta ja ni gefen taga ta miƙo min wayarta.

Daƙiƙa arba'in ne. Ga ni, ga mayafin da na goge, ga tambarin makaranta a saman kaina, ga rubutu rawaya ɓaro-ɓaro: MALAMAR KIMIYYA TA FASA ƘWAI. Sai muryata, a nutse, kamar mai karanta sanarwa: "Mutum da cimfanzi za su iya haihuwa." A inda ba na farko yake, an wulga hoton biri yana washe haƙora. A inda na biyu yake, an sa ƙarar ganga. Daga nan sai hannuwana suna ƙulla igiya biyu suna ɗagawa sama, sai kalmar alfadari, sai aka ƙare. Na kalla sau biyu ina neman inda zan ce wannan ba ni ba ce, ban samu ba. Kowace kalma daga bakina ta fito.

Kafin a tashi wani ya ajiye min ayaba a kan tebur. Washegari an zana wutsiya a jikin allon da ke ƙofar ɗakin gwaji. Waɗannan ban damu da su ba, yara ne, ni ma da ina shekarunsu da na yi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne yarinyar da ke zama a gaba, wadda take so ta zama likita, da ta ƙi haɗa ido da ni. Uwarta ta ce kada ta ƙara rubuta abin da na faɗa.

Shugaba ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa da kanta. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba, abin da ya sa muke shiri ke nan.

"Malama, ni na san ki. Na zauna a darasin nan naki ya fi sau biyar. Amma iyaye sun ji da kunnensu, kuma ga tambarinmu a kanki. Wayata ba ta huta ba tun jiya."

"Ranki ya daɗe, yanke maganar aka yi."

"Na yarda. Kawo min wadda ba a yanke ba. Kwamitin iyaye zai zauna ranar Litinin ƙarfe goma. In kin zo da asalin ɗaukar, ni zan tsaya miki. In kin zo da baki kawai, ba ni da abin da zan riƙe, za su ce ki tafi. Kuma ki sani, Ciyaman ɗin kwamitin ya ce in ta tabbata ƙirƙira ce, wanda ya yi sai ya amsa a gaban alƙali, don sunan makaranta ya taɓa. Kafin nan ki zauna a gida."

Na ba ta makullin ɗakin gwaji. Ban taɓa lura da nauyinsa a jakata ba sai da na sauko matakala babu shi.

Tun a bakin titi na kira Auta. Ya ɗauka a bugun farko.

"Yaya, wallahi ba ni ba ne. Na bar wa Caja ya haɗa, na tafi wani aiki, ban gani ba sai da ya bazu. Yanzu haka faɗa muke yi."

"Ka sauke shi. Ka kawo min na asali."

"Zan sauke. Amma na asalin, Yaya, an goge katin kyamarar, mun yi ɗaukar wani taro a kai. Ina nan ina neman mai dawo da shi."

Na yarda da shi. In aka tambaye ni dalili, ba ni da wani sai cewa ɗayar hanyar ba ta da wurin zama a kaina. Bai sauke bidiyon ba sai Alhamis, lokacin da ya riga ya shiga kowace waya a garin, har mai kayan miya da nake saya a wurinsa ya tambaye ni ko da gaske ne an taɓa yi a ɓoye. Duk kwanakin nan fushina a kan Caja yake, ina dafa shi ina saukewa.

Ranar Juma'a da hantsi na hau benen. Matakalar ƙunci ce, tana warin dalma da ƙonanniyar waya, kowane shago da kiɗansa. Auta ba ya nan. Caja yana zaune a ƙasa yana naɗe wayoyin fitila, ƙato da shi, da ƙaramar murya. Ban ko amsa gaisuwarsa ba. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, na wanke shi tas, na tuna masa sau nawa ya ci abinci a gidana ya kuma tafi da cajata. Bai katse ni ba. Da na tsaya neman numfashi ya jawo kujera ya kakkaɓe ta.

"Anti, zauna. Cewa ya yi ni ne?"

"To wa zai ce?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni ɗauka na iya. Yanka kuwa, ko albasa aka ba ni sai na ɓata ta. Ni ce min ya yi kin sani. Wai kun shirya, a saki wannan mutane su taru, sannan a saki na biyu ki warware. Har na ce kai, Anti ta waye."

Ya buɗe kwamfutar da ke kan tebur. Tsohuwar kwamfutata ce, wadda na ba Auta lokacin da ya buɗe shagon, har yanzu da tabon shayin da na zubar a gefen madannai. Caja ya lalubo aikin. Muryata ta fito a allo kamar zanen haƙoran zarto, doguwa, kuma a wuri biyu an datse ta an matso da bakin ya haɗu.

"Abin da aka cire ba ya ɓata," in ji shi, "gefe yake komawa." Ya danna wani wuri a ƙasa.

"Ba," in ji muryata.

Ya sake dannawa.

"Ba."

Tsaf suka fita, babu ko burbushin kalmar da ke kusa da su, saboda na numfasa kafin kowanne, na numfasa bayansa, yadda aka ce in yi. A nan ne na gane dalilin da jimlata ta farko ba ta da ƙarfi. In ka cire ba daga "ba su taɓa haihuwa ba", abin da zai rage gurguwar magana ce, ko yaro zai ji an taɓa ta. Amma "ba za su iya ba", cire biyun ka ga jimla lafiyayya tana tsaye da ƙafarta. Zama ya yi ya zaɓo wadda za ta rayu bayan yanka, ya zo ya sa min a baki.

Duk da haka na nemar masa mafita. Na ce wataƙila sai da ya zauna haɗawa shaiɗan ya raya masa. Caja ya matsar da kibiya kan rubutun nan rawaya, ya nuna min ranar da aka yi shi. Alhamis. Kwana ɗaya kafin ya shigo gidana da burodi.

Ban yi kuka ba. Na dai ji kunya kamar ni na yi laifin, kunyar mayafin da na goge da albarkar da na sa masa. Caja ya ciro ɗan filashi daga aljihu ya zuba min ɗaukar gaba ɗaya, minti ashirin da uku, tun daga kafa kyamara. Katin da aka ce an goge yana cikin durowa, an naɗe shi da takarda.

"Muryarsa tana ciki fa, Anti," ya ce da zai miƙo min. "Duk abin da ya ce ki yi."

"Na sani."

"Ni ma tsohuwata an kira ta an ce ɗanta ya tozarta malama. Shi ya sa."

Ranar Lahadi bayan azahar Umma ta aiko in zo. Na same ta a kan keken ɗinkinta ba ta ɗinka komai, Auta yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta ya sunkuyar da kai. Caja ya riga ya gaya masa ɗaukar tana hannuna. Na gaishe ta na zauna a bakin gado, jakata a kan cinya.

"Ya faɗa min komai," in ji Umma. "Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba. Kai, buɗe baki ka yi wa yayarka magana."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja, kuma na san ba na ƙarya ba ne, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

"Yaya, na ɗauka kwana ɗaya zai yi in saki na biyun. Wallahi haka na tsara. Sai na ga yana ta hawa. Mutum dubu ɗari takwas, Yaya. Shekara huɗu ina wannan aikin ban taɓa wuce ɗari uku ba. Na ce bari ya ƙara kwana ɗaya, sai abin ya fi ƙarfina."

"Da ka saki na biyun, wa zai kalla?"

Ya kau da kai, don ya fi ni sanin amsar.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da ba za ki yarda ba."

"Ashe ka sani."

Umma ta juyo da kujerarta. "Ke ce babba. Aikinki zai dawo in Allah ya so, ga shaida a hannunki. Amma in mutanen nan suka ji muryarsa, kotu za su kai shi, shagon ya rufe, wa zai ƙara ba shi aiki? Ya ce akwai dabara."

Dabarar ita ce in ba shi filashin ya cire muryarsa. Zai bar bayanina cikakke, da jimlar da ba ɗinta biyu, ya share inda yake cewa in dakata, ya share inda ya canza min magana. Sai a ce wani ne can ya saci bidiyon ya yanke. Minti biyu zai ɗauke shi, kuma ya rantse babu wanda zai ga wurin ɗinkin.

"Wannan na yarda," na ce. "Na ga aikinka."

"Jininku ɗaya," in ji Umma a hankali. "Ciki ɗaya kuka kwanta."

Na kusa ce mata ni nake koyar da wannan, na san kusan rabin abin da na gada daga gare ta da Baba shi ma ya gada, kuma ban taɓa ganin inda aka rubuta cewa rabin nan yana hana mutum sayar da 'yar'uwarsa ba. Amma Umma ce, sai na haɗiye. Na ce zan yi tunani. Kuma na yi, ba wasa ba. Na tuna zazzaɓin da ya yi yana ɗan shekara shida, da na goya shi zuwa asibiti takalmina ɗaya ya tsinke a hanya. Na ce a raina mene ne minti biyu. Sai in tuna cewa ranar Alhamis ya rubuta rawayan rubutunsa, ya kwana, ya tashi, ya je ya zaɓo burodi mai zafi.

Litinin ƙarfe tara da rabi na same shi a ƙofar makaranta, a gindin bishiyar da masu sayar da alawa suke zama, kwamfutar a rungume a ƙirjinsa. Ya tare ni.

"Yaya, ga ta na kunna. Ko a nan ma zan yi."

"Matsa min."

"Don Allah. Don Umma." Ya rage murya, saboda maigadi yana kallonmu. "Na yi kuskure, na sani. Ba zan sake ba, Yaya. Wallahi ba zan sake ba."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Na so in ji maganar yadda ya faɗe ta, Allah ya sani na so. Amma kunnena ya riga ya koyi aikin, da kansa ya ɗauke ba na farko ya ɗauke na ƙarshe, ya bar min abin da ke tsakiya, lafiyayye, yana tsaye da ƙafarsa. Na gane cewa daga yau duk abin da yaron nan zai ce bai yi ba ko ba zai yi ba, haka zan riƙa jinsa, kuma wannan babu kwamitin da zai gyara min.

Na zagaye shi na shiga.

Mutum bakwai ne a ɗakin taro, da Shugaba ta takwas. Ciyaman dattijo ne mai farin gilashi, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, jikarsa tana ajina. Bai amsa gaisuwata da kyau ba. Na miƙa wa Shugaba filashin, ta sa a kwamfutar ofis ta juyo da allon.

"Daga ina za a fara?" ta tambaya.

"Daga farko, ranki ya daɗe. Kada a tsallake komai."

Suka kalli minti goma sha ɗaya na igiyoyin takalmi. Wata uwa har ta gyaɗa kai a wurin alfadari. Sannan aka zo wurin. Murya daga bayan kyamara, mai taushi, mai ladabi, ta cika ɗakin: ba ta da ƙarfi, ki ce ba za su iya haihuwa ba. Ki ɗan dakata kafin ba, Yaya, ki dakata bayansa. Sai ni, sau uku, ina numfasawa inda aka ce, sannan ina sa albarka.

Shugaba ta tsayar. Ciyaman ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce. "A ba ta makullinta, gobe ta koma aji." Ya mayar da gilashin, ya jawo takarda, ya buɗe biro. "Saura wannan mai magana a bayan kyamara. Na ji yana ce miki Yaya. Kin san shi?"

Ta tagar da ke bayansa ina hango bishiyar ƙofar makaranta, da mutum a tsaye a gindinta rungume da kwamfuta.

"Ƙanina ne, ranka ya daɗe," na ce. "Ni na koya masa haɗa b da a."